Daga Aska Zuwa Enzayim: Tarihin Dashen Ƙwayoyin Halitta a Faranti

A ɗakin binciken ƙwayoyin halitta akwai wani aiki da ba a taɓa ba kowa lambar yabo dominsa ba, kuma shi ake fara ɗora wa sabon zuwa. Ƙwayoyin da ake reno a faranti suna ta rabuwa, ɗaya ta koma biyu, biyu su koma huɗu, har su mamaye ƙasan farantin. In aka ƙyale su, abinci ya ƙare, jan ruwan da suke ciki ya koma rawaya saboda tsami, su fara mutuwa ko su rikiɗe su zama abin da ba shi ake nema ba. Don haka kafin a kai nan sai a ɓamɓare su, a ɗebi kaɗan a zuba a sabon faranti, a zubar da saura. Dashe ke nan, kamar yadda mai lambu yake cire albasa daga inda ya yafa iri ya kai ta fangali. Na yi shekaru ina wannan aiki da hannuna, Asabar da Lahadi har da ranar sallah, domin ƙwayoyin tushe ba su san hutu ba. Abin da na fito da shi daga ciki ɗaya ne: mai dashe zaɓe yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Masu sana'ar sun gane haka, sun manta, sun sake ganewa, kuma kowane karo sai da ta ƙona su.

A Amurka abin ya faro, a shekarar 1907. Ross Harrison na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore yana son raba wata gardama: zaren jijiya daga ƙwaya ɗaya yake tsirowa, ko ƙwayoyi da yawa ne suke haɗuwa su saƙa shi? Ya yanko guntun nama daga tayin kwaɗo, ya sa shi a cikin ɗigon ruwan jikin kwaɗo a kan siririn gilashi, ya kifa gilashin ɗigon yana rataye, ya zauna yana kallo ta madubin likita har ya ga zaren yana fitowa daga ƙwaya guda. Naman ya yi 'yan makonni ya mutu. Harrison bai damu ba, ya riga ya sami amsarsa.

Wanda ya damu shi ne Alexis Carrel, Bafaranshe likitan fiɗa da ke Cibiyar Rockefeller a New York. A 1910 ya tura mataimakinsa Montrose Burrows ya koyo dabarar a wurin Harrison. Burrows ya gano cewa ruwan jinin kaza ya fi dacewa, domin yana daskarewa ya riƙe naman. Ranar 17 ga Janairu, 1912, Carrel ya ɗora guntun zuciyar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba a cikin irin wannan ɗigo, ya kuma ƙuduri aniyar cewa wannan karo naman ba zai mutu ba. Bayan kowane 'yan kwanaki sai a zo da 'yar askar da likitoci ke fiɗar yanar ido da ita, a yanko naman daga daskararren ruwan, a raba shi, a wanke a ruwan gishiri, a mai da shi sabon ɗigo, a ƙara masa ruwan da aka matso daga tayin kaza. Da aska sana'ar dashe ta fara.

Carrel mutum ne mai son a gan shi. A shekarar nan ta 1912 ya karɓi kyautar Nobel saboda gwanintarsa wajen ɗinke jijiyoyin jini, ma'aikatansa kuma cikin baƙaƙen riguna masu rufe kai suke aiki, abin da ya sa likitoci da yawa suka ɗauka renon nama wani sirri ne da sai 'yan tsiraru. Masu karatun Larabci daga cikinmu wataƙila sun taɓa cin karo da sunansa ta wata hanya dabam: littafinsa na 1935 kan ɗan Adam an fassara shi da Larabci, Sayyid Qutb ya ciro daga cikinsa sosai, ko da yake littafin yana ƙunshe da mugun ra'ayin nan na tace irin bil Adama da kawar da masu rauni. Zuciyar ɗan tsakon kuwa, mataimakinsa Albert Ebeling ne ya ci gaba da kula da ita, jaridu suna taya ta murnar zagayowar shekara, har aka zubar da ita a 1946, shekara biyu bayan mutuwar Carrel. Shekara 34 ke nan, abin da ya zarce ran kowace kaza. Duniyar kimiyya ta yarda cewa ƙwayar halitta ba ta tsufa muddin ana mata dashe daidai, in ta mutu laifin mai reno ne.

A cikin ginin nan na Rockefeller aka samo abokin hamayyar aska. A 1916 Peyton Rous da F. S. Jones suka zuba wa naman da ake reno tiripsin, wani enzayim mai narkar da furotin wanda ake samu a fankiriyas, wato ɓangaren kayan cikin nan da ke maƙale a bayan tumbi. Tiripsin ya narkar da abin da ke riƙe da ƙwayoyin, suka warwatsu ɗai-ɗai a ruwa, aka sake shuka su suka kama. Dabarar ta yi fiye da shekara talatin tana kwance ba mai waiwayarta. Shan inna ne ya tashe ta. A farkon shekarun 1950 ana bukatar ƙwayoyin ƙodar biri masu ɗimbin yawa don noman ƙwayar cutar da za a yi allurar rigakafin Jonas Salk da ita, kuma babu hannun da zai iya yanka su da aska. Julius Youngner, a ɗakin binciken Salk a Pittsburgh, ya daidaita yadda za a warwatsa naman ƙoda da tiripsin. A daidai lokacin Renato Dulbecco yana amfani da shi wajen shimfiɗa ƙwayoyi don ƙirga ƙwayoyin cuta, ga kuma ƙwayoyin HeLa da aka ɗebo a 1951 daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks ba da saninta ba, waɗanda ba su ƙin kowace irin wahala. Kafin shekarun su ƙare tiripsin ya zama ruwan dare. Mafi yawansa daga fankiriyas ɗin alade ake tatso shi, sai daga baya kamfanoni suka fara sayar da makwafinsa da ba daga dabba ya fito ba, irin su TrypLE.

Da ƙwayoyi suka koma ɗai-ɗai, sai ƙirga su ya yiwu, ƙirgan kuma ya rushe labarin Carrel. Leonard Hayflick da Paul Moorhead na Cibiyar Wistar a Filadelfiya suka riƙa rubuta adadin kowane dashe. A 1961 suka bayyana cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan Adam suna ninkuwa kamar sau hamsin ne su tsaya. Sun gauraya tsofaffin ƙwayoyin namiji da sababbin na mace a faranti ɗaya, na namijin suka ƙare a lokacinsu na macen suka ci gaba, don kada a ce guba ce a ruwan. An kuma ga cewa ko an daskarar da su an ajiye, in an narke daga inda suka tsaya suke ɗorawa. Mujallar farko da suka kai wa takardar ta mayar musu da ita, kuma kamar yadda Hayflick ya sha ba da labari, Rous ne da kansa ya rubuta wasiƙar ƙin. Zaton da ya fi rinjaye a yau shi ne ruwan tayin kazar da ake ciyar da zuciyar Carrel da shi yana zuwa da sababbin ƙwayoyi masu rai a kai a kai. Tun daga nan lambar dashe, wadda muke rubutawa a murfin faranti da harafin P, ta zama shekarun haihuwar ƙwaya.

Aikin da na fi son in karantar da sabon ɗalibi shi ne na George Todaro da Howard Green na Jami'ar New York, wanda ya fito a 1963. Todaro ɗalibin likitanci ne a lokacin. Sun ɗauki ƙwayoyin tayin ɓera daga tushe ɗaya suka raba su, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya, ba abin da suka bambanta sai tsarin dashe. Wasu ana musu dashe duk bayan kwana uku a zuba dubu ɗari uku a faranti, wasu dubu ɗari shida, wasu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Daga nan sunayen 3T3 da 3T6 da 3T12 suka fito: lambar farko kwanaki ce, ta ƙarshe kuma yawan abin da ake zubawa. Bayan watanni sai ga zuri'o'i masu hali dabam-dabam. Waɗanda ba a taɓa barin su sun cunkushe ba, wato 3T3, da sun taɓa juna sai su daina rabuwa, su kwanta shimfiɗa ɗaya. Waɗanda suka saba da cunkoso kuwa suna hawa kan juna ba ruwansu. A 1968 Todaro da Stuart Aaronson suka maimaita gwajin da wani jinsin ɓera, suka nuna cewa zuri'ar da aka rena cikin cunkoso tana haifar da ƙari in an yi wa ɓera allurarta, ta sararin kuwa ba ta yi. Ba wanda ya taɓa DNA ɗinsu da gangan. Jadawalin da ke manne a bango ne ya tace su. Har gobe ana amfani da 3T3 a ko'ina a duniya, amma ka tambayi masu riƙe da ita ma'anar sunan, kaɗan ne za su gaya maka.

Ƙwayoyin tushe na tayi su ne waɗanda za su iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki, jijiya ko zuciya ko hanta. A 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Kambirij, da Gail Martin a San Francisco, suka fara reno na ɓera. Waɗannan ba su da rigima: a zuba tiripsin, a warwatsa, a shuka, gobe su tashi. Kowa ya zaci na mutum ma haka za su kasance. A watan Nuwamba na 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya sanar da zuri'a biyar daga tayin ɗan Adam na kwanaki kaɗan, ragowar asibitocin taimakon haihuwa da iyayen suka bayar: H1, H7, H9, H13 da H14. Tun a takardarsa ta farko ya faɗa cewa a dunƙule ake dasa su, ƙwaya hamsin zuwa ɗari a dunƙule guda. In aka raba su ɗai-ɗai, ko ɗaya cikin ɗari ba ta kai labari. Shekara tamanin da shida bayan Carrel, sana'ar ta koma wa aska.

Wanda bai yi ba ba zai san wahalarsa ba. Za ka ɗauki siririn bututun gilashi ka kara a wuta, ka ja shi har bakinsa ya zama tsinke, ko ka yi amfani da bakin allura. Madubin likita yana cikin akwatin iska mai tsabta, kai kuma ka sunkuya ido a madubi, hannu biyu a ciki. Ƙwayoyin suna zaune gungu-gungu a kan shimfiɗar ƙwayoyin ɓera da ke ciyar da su. Gungu mai kyau zagayayye ne, gefensa a fayyace, ƙwayoyinsa ƙanana a matse. Inda ya fara rikiɗewa za ka ga ya yi duhu ya tudu a tsakiya, ko ya baje a gefe. Nan za ka kankare ka yar. Sauran ka tsaga shi a tsaye da a kwance, ka ɗaga gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ka zuƙe su ka kai sabon faranti, ka jera su da tazara, ka ɗauki farantin a hankali zuwa akwatin ɗumi mai digiri 37 kada su taru a tsakiya. Kusan kowane mako haka. Ƙungiyar Alan Trounson da Martin Pera da Benjamin Reubinoff a Ostireliya, tare da Ariff Bongso a Singafo, da wannan hanya suka riƙe zuri'o'in da suka sanar a shekarar 2000. Awa guda ta wuce kana kan faranti biyu ko uku, wuya ya sage. Maƙwabcinka mai enzayim ya gama tuli guda ya tafi shan shayi.

Siyasa ta ƙara matsa lamba. Ranar 9 ga Agusta, 2001, Shugaba George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin tarayya ga zuri'o'in da aka riga aka samar kafin ranar. An ce sun haura sittin, amma waɗanda suka shiga hannun masu bincike 21 ne kacal. Ɗaruruwan ɗakunan bincike suka dogara da tsirarun zuri'o'i da ake ta yi wa dashe ana miƙawa daga hannu zuwa hannu, kowa da irin dabararsa. Masu neman yawa suka koma ga enzayim: kolajenes da disfes masu ɗaga gungu a dunƙule, wasu kuma suka yi ta horar da ƙwayoyinsu har suka jure tiripsin. Zuri'o'i 17 da ɗakin Douglas Melton na Harvard ya fitar a 2004 da kuɗin masu zaman kansu, tun farko da tiripsin aka sabar musu don sauƙin raba wa jama'a.

A Janairun 2004 ɗakin Peter Andrews na Jami'ar Sheffield a Ingila ya ba da labari mara daɗi. Ƙwayar ɗan Adam tana da kuromosom 46, biyu-biyu. A zuri'o'in da suka daɗe a faranti sun ga ƙari yana maimaita kansa a wuri ɗaya: dogon hannun kuromosom na 17, da kuromosom na 12. Andrews ya shafe shekaru yana nazarin sankarar maraina, ya kuma san cewa irin wannan ƙari ne ake gani a can. Nan take masu aska suka mayar da martani a mujallar da ta buga labarin, suka ce nasu lafiya lau, a je a bincika enzayim. A 2005 Maisam Mitalipova da abokan aikinta a jihar Georgia suka ɗauki zuri'o'insu suka raba kowacce gida biyu: ɓangaren da aka ci gaba da yanka da hannu ya riƙe kuromosom ɗinsa daidai tsawon lokaci, wanda aka warwatsa gaba ɗaya kuwa ya samu ƙarin na 12 da na 17, yadda guraben gadonsa ke aiki ma ya sauya. A shekarar dai Anirban Maitra da abokansa suka gwada zuri'a tara a ƙuruciya da kuma bayan dogon dashe, suka samu takwas sun ɗauko canje-canje irin waɗanda ake gani a ciwon daji.

Mutane da yawa sun fahimci wannan a karkace, suna ganin kamar enzayim ne yake shiga ya lalata DNA. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuskure a kwafin DNA yana faruwa jefi-jefi a kowane faranti, kuma binciken da aka yi a Sheffield daga baya ya nuna ƙwayoyin tushe ba su fi sauran ƙwayoyi yawan kuskure ba. Abin da hanyar dashe take yi shi ne yanke hukuncin wace ce za ta rayu. A ƙaddara cikin ƙwaya miliyan ɗaya akwai guda ɗaya da kuskurenta ya sa ta ninka 'yan uwanta sau biyar wajen jure kaɗaici. Kowane dashe kasonta yana ninkuwa biyar. Ka yi lissafin da kanka: kafin dashe na goma ita ce mafi rinjaye a farantin. Wata biyu da 'yan kai ke nan.

A nan nake rabuwa da masu ɗaukaka aska. Hannu ma yana zaɓe, sai dai da ido yake yi. Mai yanka yana tsallake gungun da ya rikiɗe ya ɗauki wanda ya fi kyau da saurin girma, alhali gungun da ya fi kyau sau da yawa shi ne wanda ya fara lalacewa ta ciki. Duk wanda ya daɗe a aikin ya san irin zuri'ar nan da kowa a ɗaki ke rububinta: ba ta mutuwa, ba ta rikiɗewa, ko an manta da ita ranar Lahadi ba ta fushi. Ranar da aka kai ta gwajin kuromosom ake gane dalili. Fa'idar aska ta gaskiya ita ce ba ta raba ƙwaya da maƙwabtanta, don haka ƙofar da ake bi ba ta da ƙunci, kuma farantan ƙanana ne.

Sauƙi ya zo daga Kobe a Japan a 2007. Kiichi Watanabe da Yoshiki Sasai na cibiyar RIKEN suka gwada wani sinadari mai suna Y-27632, wanda wani kamfanin magani na Japan ya haɗa, aka fara nazarinsa a kan hawan jini. Yana toshe wani enzayim na cikin ƙwaya da ake kira ROCK. Da aka ɗiga shi a ruwan abinci ranar dashe, ƙwayoyin da ke kafa sabon gungu bayan an raba su ɗai-ɗai suka tashi daga kamar kashi 1 cikin ɗari zuwa kamar kashi 27. A 2010 ɗakin Sasai da na Thomson suka bayyana dalili. Ƙwayoyin tushe na mutum suna riƙe da juna da wani furotin mai suna E-cadherin. Da riƙon ya yanke, zaruruwan da ke cikin ƙwayar sai su kama matsewa ba ƙaƙƙautawa, fatarta ta riƙa kumbura tana lotsawa, har ta kashe kanta. Sasai ya kira abin rawar mutuwa, kuma duk wanda ya gan shi ta madubi ba zai yi musu ba. Shekarar nan ta 2007 ce kuma Shinya Yamanaka da ɗakin Thomson suka mayar da ƙwayoyin fatar mutum ƙwayoyin tushe ba tare da tayi ba, sai masu sana'ar suka ninku, bukatar dashe mai sauri ta ƙaru.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2011 wata haɗakar ƙasa da ƙasa da Andrews ya jagoranta ta tattara zuri'a 125 daga ɗakunan bincike 38. Galibinsu lafiya suke, amma fiye da kashi 20 cikin ɗari suna ɗauke da ƙarin wani ɗan yanki a kuromosom na 20, mai adireshi 20q11.21, wanda sau da yawa ƙanƙantarsa ba ta barin a gan shi a gwajin kuromosom na madubi. A cikin yankin akwai gurbin gado mai suna BCL2L1, aikinsa hana ƙwaya kashe kanta. Daidai abin da ƙwayar da aka raba da 'yan uwanta take bukata ke nan. A 2015 Ibon Garitaonandia tare da Jeanne Loring da Louise Laurent a San Diego suka wallafa gwajin da ya fi kama da na Todaro da Green: aska ko enzayim, a kan shimfiɗar ƙwayoyin ɓera ko babu ita, hanya huɗu, dashe fiye da ɗari a jere. Enzayim ba shimfiɗa shi ya fi kawo sauyi. Ƙwayoyin sun ƙara saurin rabuwa, an ga yankin da ke ɗauke da TP53 yana ɓacewa, wato gurbin da ke tsare jiki daga ciwon daji, guraben da ke ƙarƙashinsa kuma suka yi sanyi. A 2017 Florian Merkle da Kevin Eggan a Harvard suka duba zuri'a 140, ciki har da waɗanda aka tanada don jinyar marasa lafiya, suka samu biyar da lalataccen TP53, kuma kason lalatattun yana ƙaruwa da lambar dashe.

Duk wannan labarin dogon zango ne. Akwai na gajeren zango wanda ya fi yawan ruɗin ɗalibai. Kowace ƙwaya tana da guraben gado kusan dubu ashirin masu ba da umarnin yin furotin, amma ba duka ke kunne lokaci guda ba. Waɗanda ke kunne su ne halinta na wannan sa'a. Cikin mintuna da ɓamɓare ta, wasu guraben gaggawa irin su FOS da JUN da EGR1 suna tashi, tare da na jure zafi da wahala. Tiripsin yana gutsire furotin ɗin da ke fatarta, sai ta sake ƙera su. Maganin ROCK yana sa ta miƙe ta yi tsinaye har sai an wanke shi. A 2017 ɗakin Alexander van Oudenaarden a Utrecht ta ƙasar Holand ya nuna cewa wani rukuni da ya bayyana a cikin ƙwayoyin tushe na tsoka ba wani sabon jinsi ba ne, ƙwayoyi ne da warwatsawar da aka yi musu da enzayim ta firgita. Don haka in mutum ya gwada faranti na washegarin dashe da na kwana huɗu, ya ce ya gano tasirin maganinsa, ni sai na ga jadawalinsa tukuna.

Tsakanin waɗannan biyu akwai sauyin da ba ya taɓa rubutun DNA amma yana bin zuri'a. A ƙwayoyin mace ɗaya daga cikin kuromosom X biyu a kulle yake. Da yawan dashe gurbin XIST mai kula da kullen yana yin shiru, wasu sassan X ɗin su sake buɗewa, kuma abin ba ya komawa. Sai dai ba kullum tsufa ke zama asara ba. Ƙwayoyin da aka juyo daga fata ko jini suna fara rayuwa da ɗan saura na asalinsu. Ɗakin Kathrin Plath da William Lowry a Los Angeles ya nuna a 2009 cewa da dashe suna ƙara kusantar na tayi, ɗakin Konrad Hochedlinger a Boston kuma ya ga wannan saura yana gogewa a na ɓera a 2010. Mai reno yana tsaka mai wuya: ya yi sauri ƙwayoyin ba su gama mantuwa ba, ya daɗe sun fara tara ɓarna.

Inda akasarinmu muka tsaya yau wata hanya ce ta tsakiya, wadda ba aska ba kuma ba enzayim ba. A 2011 Guokai Chen a ɗakin Thomson ya rage ruwan abinci zuwa sinadarai takwas da ake kira E8, shekara guda bayan haka shi da Jeanette Beers suka bayyana dashe da EDTA, wani sinadari mai arha da yake kame kalsiyam. Riƙon ƙwayoyi da juna yana bukatar kalsiyam, don haka in ka zuba shi na 'yan mintuna sai riƙon ya sassauta. Ka tsotse shi tun gungun bai tashi ba, ka fesa ruwan abinci a hankali, su faɗo ƙananan dunƙulaye. Abin dariya shi ne EDTA yana cikin takardar Thomson ta 1998. Wasu kuma suna shafa wa faranti laminin-521, furotin da ɗakin Karl Tryggvason a Suwidin ya nuna a 2014 cewa ƙwaya ɗaya tilo tana iya kama shi ta rayu ba tare da maganin ROCK ba. Raba su ɗai-ɗai bai ɓace ba, don duk mai gyara DNA ko mai son ya san adadin da ya shuka dole ya bi ta nan.

Shekaru da yawa takardun bincike suna sallamar duk wannan da layi ɗaya, su ce an reni ƙwayoyi yadda aka saba. A 2023 ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin tushe ta duniya, ISSCR, ta fitar da ƙa'idoji da ke neman a faɗi hanyar dashe da lambarsa da sakamakon gwajin gado. A aikace abin da ɗaki mai tsari yake yi shi ne ya daskarar da kwalabe masu yawa tun zuri'a tana ƙarama, a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya riƙa tura samfur gwaji kamar kowane dashe goma, har da gwaji na musamman don yankin nan na kuromosom na 20. In sakamako ya dawo da ƙari, komai kyan farantan bilic ake zuba musu, a ciro wata kwalba a narke, a jira mako biyu ko uku kafin ta farfaɗo ta isa a ci gaba da aiki.